Wayar Da Ta Kusa Raba Gidanmu

A wannan wata mun roƙi edita ya ba mu fili mu ba da labarin wata 'yar waya da tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, wadda ta kusa raba 'ya'yan mutum ɗaya a unguwar Aboabo da ke nan Kumasi. Mun san cikin masu karanta wannan shafi akwai direbobi, akwai makanikai, akwai kuma irinmu da suka haɗa kuɗi suka sayi mota suka danƙa wa ɗan'uwa. Su ne muka fi nufi da wannan rubutu.

Mu huɗu mahaifinmu ya bari. Marigayin direban babbar mota ne, shekara talatin da wani abu yana tsakanin Kumasi da Bawku, ya tafi da goro da gishiri, ya komo da albasa da shanu. Babban yayanmu yana Bronx a Amurka, yayarmu tana sayar da atamfa a Kejetia, ɗayanmu malamin makaranta ne, sai kuma Auta, wanda shi kaɗai ya gaji sitiyari. A 2015 mu uku manya muka haɗa abin da Allah ya hore, Yaya ya sayo Toyota Corolla ƙirar 2004 a wajen gwanjon motocin da suka yi haɗari, ya sa ta a jirgin ruwa ta sauka Tema. Aka gyara ta, aka shafa mata ruwan ɗorawa a kafaɗu huɗu kamar yadda dokar tasi ta ce, aka miƙa wa Auta makulli. Sharaɗin mai sauƙi ne. Kowace yamma zai cire kuɗin mai da na abincinsa, ya ajiye kuɗin yini, wanda a nan muke ce wa sel, a hannun Mma. Daga ciki ake cefane, ake sayen maganinta na hawan jini, ake biyan wuta da ruwa. Shekara bakwai ana haka, ko sau ɗaya ba mu taɓa tambayarsa lissafi ba.

Sai ga shekarar 2022. Wanda ya zauna a Gana a wannan shekara ba ya bukatar a tuna masa. Litar fetur da ba ta kai sidi 7 ba a watan Janairu, ta haura sidi 17 a farkon Nuwamba, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Kowane direba yana kuka, saboda haka da sel ya fara raguwa ba mu ce komai ba. Amma an ƙara kuɗin mota, maƙwabtanmu masu tasi sun ɗan farfaɗo, namu sel ɗin kuwa sai ƙara ƙasa yake yi. Auta ya ce motar ce take shan mai fiye da da. Ya ce lita 20 da ke kai shi daga asuba zuwa magariba yanzu sai ya ƙara biyar a kai. Lita biyar a lokacin ta haura sidi 80, a mako kuwa kusan sidi 500.

A nan ne shaiɗan ya sami ƙofa. Auta yana neman aure a Sawaba, an riga an kai goron tambaya. Yayarmu ce ta fara faɗi a hankali cewa kayan lefe ba sa sayen kansu. Malamin makaranta ya ɗauko biro ya yi lissafi, ya ce mota ba ta tashi dare ɗaya ta koyi haɗama. Yaya kuma daga Bronx ya ce shi Corolla ya sani, ko a can ana yabonta da ƙin shan mai. Babu wanda ya furta kalmar sata, amma kowa ya san ita ce ke yawo a ɗakin. Wata Juma'a bayan isha muka zauna a ɗakin Mma, Yaya yana kan waya, muka ce Auta ya huta na mako biyu a gwada wani direba. Bai yi musu ba. Ya ciro makullin daga aljihu ya ajiye a gaban Mma, ya ce, "Mma, ga amanarku." Ya fita. Mma ba ta ce uffan ba, amma a daren nan ba ta ci tuwo ba.

Akwai abin da ya kamata mu faɗa tun farko, don shi ne babban laifinmu. Akwai wata fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji a gaban direba, wadda ta yi wata huɗu tana kunne. Auta ya gaya mana tun ranar da ta kama. Amsar da ya samu ita ce a nuna mana tasi ɗaya a Kumasi da wannan fitila ba ta kunne. Da ta dame shi da dare sai ya yanki baƙin tef ya manna a kanta, kamar yadda rabin direbobin tashar suke yi.

Sabon direban kwana uku ya yi. A rana ta huɗu ya dawo da makulli ya ce a nemi wani, shi ba zai yi wa gidan mai bauta ba. Ya ce mu je bayan motar mu shaƙi salansa mu ji. Muka je. Warin ɗanyen fetur ne har yana sa hawaye, bakin salansar kuma baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ko a nan ba mu je wajen Auta ba. Muka ce bari mu gyara tukuna, girma ya hana.

Duk mai mota a Kumasi ƙarshensa Suame Magazin. Ga waɗanda ke karanta mu daga Accra ko Tamale ko Lome, wannan wata unguwa ce guda ta maƙera da makanikai da masu sayar da kayan gyara, dubbai a kan dubbai, sunanta kuma ya samo asali daga rumbun makaman soja na zamanin Turawa. A can ana iya ƙera maka jikin babbar mota daga farantin ƙarfe. Baba ya sha cewa in Magazin ta kasa, sai dai a kai mota maƙabarta. Amma Magazin da Baba ya sani ta kafireta ce, inda fita zai kara kunne a inji ya juya sukuru ya daidaita mai da iska. Motar yanzu ba ta da wannan sukurun, kwamfuta ce ke yanke hukunci, kuma da yawa cikin manyan fitoci har yau da zato suke tunkararta.

Na farko ya ce fulogi ne, aka sa sababbi huɗu. Na biyu ya ce nozul, aka cire aka wanke. Na uku ya leƙa ƙarƙashi ya ce tukunyar nan ta cikin salansa mai tace hayaƙi ce ta toshe, mu bari ya fasa ya zazzage abin da ke ciki, har ma zai rage mana kuɗin aiki. Allah ya taimake mu ba mu yarda ba. Daga baya muka gane abin da ke cikin nan yana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su falatinam, akwai masu saye da daraja, shi ya sa wasu ke saurin ganin laifinta. Na huɗu yaro ne mai kwamfuta. Tun daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da wani soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura mota ta faɗi ciwonta. Ya jona, ya karanta, ya ce P0130, oksijin sansa ce ta mutu. Muka sayi sabuwa cikin kwali mai kyau, aka ɗaura, aka goge lambar, fitila ta mutu. Muka yi hamdala. Kafin mu kai Asawase ta sake kamawa. Zuwa wannan lokaci mun kashe abin da ya haura sidi 900.

Mma ce ta tuna da wani tsohon mai gyaran waya, Batone, wanda ya yi wa Baba aiki shekara da shekaru. Ta ce in yana raye, rumfarsa tana bayan masu walda. Muka je ranar Litinin 28 ga Nuwamba, ba tare da mun lura cewa ranar ce Gana ke wasa da Koriya ta Kudu a gasar cin kofin duniya a Ƙatar ba. Magazin da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda guduma, ranar tsit, kowa ya tattara gaban talabijin. Tsohon yana zaune shi kaɗai yana kwance wata tsohuwar sitata. Ya ce shi ƙwallo ba ta taɓa ba shi abinci ba. Da muka faɗi sunan Baba sai ya miƙe, ya yi mana ta'aziyyar da ta makara shekara goma, da Hausarsa ta zango wadda ta fi ta wasunmu.

Muka ce, "Masta, an ce sansa ce, mun canja, ba ta yi ba."

Ya ce, "'Ya'yan Alhaji, wa ya ce sansa ce?"

Muka ce kwamfuta. Ya ce a karanto masa abin da kwamfutar ta rubuta daidai. Malamin makaranta ya duba takardar da yaron ya ba mu, ya fassara: matsala a da'irar sansa ta farko. Tsohon ya yi dariya. Ya ce da'ira ta ce, wato sansa da soket da waya har zuwa kwamfuta. In ɗan aike bai iso da saƙo ba, ai sai a duba hanya kafin a ce wanda ya aiko shi ya mutu.

Bari mu ɗan tsaya mu bayyana wannan abu yadda muka fahimce shi, daga bakin Masta da kuma abin da muka karanta daga baya, don mun lura direbobi da yawa suna biyan kuɗinsa ba su san aikinsa ba. Injin fetur yana son iska da mai a wani ma'auni, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai in an auna da nauyi. Kwamfutar mota ba ta ganin cikin inji, sai ta dogara da wannan sansa da aka ɗaura a bututun hayaƙi, mai kama da fulogi, wadda aikinta shinshina hayaƙin da ya fito ta ji ko akwai sauran iskar oksijin a ciki. In mai ya yi yawa, sai ta aika wuta kusan volt 0.9. In iska ta yi yawa, sai ta aika kusan 0.1. Kwamfuta ta ji ta rage ko ta ƙara, haka suke ta yi ba hutawa muddin inji na tafiya. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙirƙiro ta, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976. Ba ta aiki sai ta yi zafi sama da digiri 300, shi ya sa ake sa mata abin ɗumama kanta a ciki. A zamanin su Baba ko an kawo mota da ita ba ta daɗewa, domin fetur ɗin lokacin akwai dalma a ciki, dalma kuwa guba ce gare ta. Sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka gama daina sayar da irin wannan fetur. Wannan na cikin dalilin da ya sa tsofaffin fitoci suka taso da raina ta, suna ganin kayan ado ne na Turawa.

Irin tamu waya huɗu gare ta: baƙaƙe biyu na abin ɗumamawa, shuɗiya mai kai saƙo, fara kuma ta komawa ƙasa. A wannan Corolla bututun hayaƙi yana bayan inji ne, ta wajen direba da fasinja, inda hannu ba ya shiga sai da dabara, ido kuma ba ya kaiwa. Masta ya sa aka tada mota ta yi zafi, ya soka siririn tsinken mitarsa a bayan soket. Ya ce allurar ya kamata ta riƙa kai da komo. Tamu tana kwance a sifiri. Ya zura hannu ya girgiza damin wayoyin, sai ta yi tsalle ta koma ta kwanta. Ya sake girgizawa, ta sake tsalle. A daidai wannan lokaci Magazin ta ɗauki ihu, Kudus ɗan Nima ya ci ƙwallo. Masta ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce a kashe, a jira ta huce.

Abin da ya zaro bayan nan wani ƙulli ne na baƙin tef, ya narke ya daskare kamar ƙwalta, ɗan nesa kaɗan da soket ta ɓangaren mota. Da ya yanka da reza sai ga labarin duka. Watanni biyar kafin nan an canja mana gasket na salansa a wani gareji. Wanda ya yi aikin ya ɓalle 'yar maƙalar da ke riƙe wayoyin nesa da zafi, bai mayar ba. Damin ya kwanta a kan ƙarfe mai zafi, roba ta narke, wayar saƙo ta tsinke. Da alama a wata komawa da aka yi wani yaron gareji ya gani, ya murɗa bakin biyu da yatsa ya naɗe da tef, bai gaya wa kowa ba. Tef ɗin gida ba ya jure wannan zafi. Ya saki, ruwan damina ya shiga, jan ƙarfen ya yi kore, silin waya biyu ko uku suka leƙo suna taɓa jikin ƙarfe. Duk lokacin da suka taɓa, kwamfuta sai ta ga sifiri, sifiri kuwa a wajenta yana nufin mai ya yi kaɗan. Sai ta ƙara. Ta sake tambaya, ta sake jin sifiri, ta sake ƙarawa har iyakar abin da aka yarje mata. Lita biyar ɗin Auta ke nan, kullum tana fita ta salansa a titunan Kumasi.

Gyaran bai kai awa ɗaya ba, amma mun ga bambancin mai sana'a da mai neman kuɗin koko. Ya fara cire kan batir. Ya yi ta yanke wayar baya-baya har sai da ya kai inda jan ƙarfen ke ƙyalli, don ya ce tsatsa tana bin cikin roba ta yi nisa fiye da inda ido ke gani. Ya aiki yaronsa wajen masu fasa motoci ya samo guntun dami na irin motar, kauri ɗaya. Wayoyin da suka ƙone uku ne, bai haɗa su a wuri ɗaya ba, kowane haɗi ya gusa da shi gaba kaɗan don kada su gogi juna. Ya like da dalma, ya zura wa kowanne irin robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, ya sa duka cikin rigar da ke jure zafi, sannan ya ƙera maƙala da guntun ƙarfe ya ɗaure damin nesa da bututun, ya bar masa ɗan sako-sako saboda inji yana motsi.

Yana aiki yana mana karatu. Ya ce mun yi sa'a tsinkewar ta ɓangaren mota ce, inda wayar jan ƙarfe ce. Da a jelar sansar ne, tsakaninta da soket, ba zai sa dalma ba. Wayar wajen wani ƙarfe ne mai tauri da dalma ba ta kama shi sosai, kuma sansa da yawa ta tsakanin silin wayar suke jawo iskar waje da suke gwada hayaƙi da ita. In ka toshe da dalma ko ka cika soket da giris, ka shaƙe ta. A irin wannan sai dai a matse da ƙaramin bututun ƙarfe, ko a sayi sabuwa da jelarta. Ya kuma ce kada mu yarda kowa ya haɗa waya da launi kawai, don launin ɓangaren mota daban yake da na sansa, kamfani ma kowanne da nasa.

Da ya gama ya mayar da mita. Allura ta motsa, amma a kasalance. Ya kwance sabuwar sansar da sufana mai lamba 22, ya juya ta a hannu, ya ce wannan kwalinta ya fi ta tsada. Ina tsohuwar? Muka dubi juna. Mun bar ta a ƙasa a rumfar yaron mai kwamfuta, ko haka muke zato. Yayarmu ta buɗe aljihun gaban mota tana neman tsumma, sai ga ta a naɗe cikin jarida. Ashe ranar da aka canja ta Auta ya bi bayanmu Magazin ba mu sani ba, ya tsince ta, da dare ya sa a motar. Masta ya goge ta ya ɗaura. Allura ta shiga rawa, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Ya ce ga ta nan, lafiyarta ƙalau, shekara goma sha takwas tana faɗin gaskiya ba mai ji. Ya karɓi sidi 60, ya ce goma na yaron ne. Gana ta ci uku da biyu, muka fito cikin masu busa ƙaho.

Mako guda malamin makaranta ya tuƙa ta da kansa bayan an tashi, yana cika tanki yana rubutawa. Ta koma yadda take. Babu sauran inda za mu ɓuya.

Mai karatu ya san yadda yake da nauyi a gidan Bahaushe babba ya ba ƙaninsa haƙuri. Mun so mu aika masa makulli ta hannun Mma a wuce wajen, ita kuwa ta ƙi. Ta ce a ɗakin da aka karɓa a nan za a mayar, da bakin da aka karɓa. Muka sake zama ranar Juma'a, Yaya yana kan waya, ƙarfe huɗu na yamma a wajensu. Shi ya fara. Ya ce, "Auta, mun zalunce ka, ka yafe mana don Allah." Yayarmu ta yi kuka. Malamin ya ajiye ƙullin tef ɗin nan a kan tabarma, don ya taho da shi. Auta ya ɗauka ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Yaya, ba komai, ya wuce." Ya ɗauki makulli. An ɗaura aurensa bayan ƙaramar Salla ta 2023, mu uku muka yi lefen.

Washegarin ranar da ya karɓi motar ya ɓare tef ɗin da ke kan fitilar. Ya kuma sayi ƙaramin littafi mai bango ja. Tun daga ranar, kowace yamma in ya kawo sel, sai ya ajiye littafin a kai: lita nawa ya sha, a wane gidan mai, nawa mitar tafiya ta nuna da safe, nawa da yamma, ga rasit a maƙale. Mun ce masa ya bari, ba mai bukata. Yaya ya kira shi musamman a kan haka. Ya ce to, kuma bai bari ba. Mma ba ta karatun boko, sai ta karɓa ta ajiye a kan talabijin, da safe ya ɗauka. Yanzu yana kan littafi na biyar, kuma har yau babu ɗayanmu da ya taɓa buɗe ko ɗaya.